Bakin Kyamara: Yadda Zoben Ƙarfe Ɗaya Ya Juya Kasuwar Hoto

A watan Maris na 1987 kamfanin Canon na ƙasar Japan ya fitar da kyamara mai suna EOS 650, ya kuma ɓata wa tsofaffin abokan cinikinsa rai. Dalili shi ne ya sauya bakin kyamara, wato zoben ƙarfen da ake ɗaura gilashin lensi a kansa. Duk gilasan da masu ɗaukar hoto suka tara a tsarin FD tun daga 1971 ba sa shiga sabon bakin mai suna EF. Wanda ya kashe dukiyarsa a kansu, sai dai ya sake sabon lale.

Abin da ya tilasta wa Canon wannan kasada ya faru ne a 1985, lokacin da Minolta ya fito da kyamarar 7000 mai daidaita ganinta da kanta, ta kuma samu karɓuwa ƙwarai. Canon ya ga tsohon bakinsa ba zai ɗauki wannan fasaha yadda ya kamata ba. Sai ya ƙera sabo mai faɗi, ya sa ƙaramin inji a cikin kowane gilashi, ya mayar da duk sadarwa tsakanin gilashi da gangar kyamara ta hanyar lantarki.

Nikon ya bi wata hanya dabam. Bakinsa na F ya samo asali tun 1959, kuma kamfanin ya riƙe shi domin kada gilasan mutane su zama tarkace. Wannan riƙon amana ya jawo masa ƙauna, amma ya biya farashinsa. A farkon shekarun 1990 masu ɗaukar hoton wasanni da na jarida da dama suka koma Canon saboda saurin daidaita gani, har fararen dogayen gilasansa suka cika gefen filayen wasa.

Zuwan kyamarar dijital bai rushe wannan tsari ba, ƙara masa ƙarfi ya yi. Injiniyan Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Amma da Kodak ya tashi sayar da irinta ga ƙwararru a 1991, a kan gangar Nikon F3 ya gina ta, domin ba shi da baki da jerin gilasan da 'yan jarida suka dogara da su. Da Nikon ya fitar da D1 a 1999, Canon kuma ya kawo EOS 300D a ƙasa da dala 1,000 a 2003, masu gilasai suka zauna inda gilasansu suke. A 2012 Kodak ya shigar da takardun karayar arziki.

Sony ya fahimci wannan darasi. Maimakon ya fara daga tushe, sai ya karɓi sashen kyamarar Konica Minolta a 2006, ya gaji bakinsa da masu amfani da shi. Daga baya ya ƙera sabon baki mai suna E, ya cire madubin da ke cikin ganga, kuma a 2013 ya fito da A7 mai babbar sensa daidai girman fim na milimita 35. Shekara biyar Canon da Nikon suka yi kafin su mayar da cikakken martani. A 2018 Canon ya kawo bakin RF, Nikon kuma ya kawo Z mai faɗin milimita 55, bayan kusan shekara 60 yana kan F mai milimita 44. Sai dai a wannan karon kowannensu ya tanadi zoben haɗi da ke ba tsofaffin gilasai damar aiki a sabuwar ganga. Duk da haka jinkirin ya yi tsada: a 2020 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya sanar da mayar da masu ɗaukar hotonsa kan Sony.

Akwai kuma waɗanda aka bari a rana. Samsung ya janye daga kasuwar kyamara da tsarinsa na NX, Nikon ya dakatar da ƙaramin tsarinsa na Nikon 1, Canon ma ya daina ƙera kyamarorin EOS M. Masu su sun ci gaba da ɗaukar hoto, amma babu sabon gilashi da ke tafe.

Ga mai shirin kafa ɗakin hoto a yau, wannan tarihi ya nuna inda nauyin zaɓi yake. Gangar dijital tana tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yana iya yin shekara ashirin yana aiki. Saboda haka kafin a duba yawan megafiksel, ya kamata a tambaya: shin kamfanin yana ci gaba da ƙera wa wannan baki gilasai? Ana samun na hannu da arha a kasuwa mafi kusa? Akwai mai gyara, akwai batir, akwai abokin sana'ar da za a ari gilashinsa ranar biki? Tsofaffin gilasan EF da F sun yawaita a kasuwar kayan hannu yayin da ƙwararru ke komawa sababbin tsare-tsare, kuma ga mai ƙaramin jari wannan dama ce, muddin ya san cewa bakin da ya saya ba shi ne kamfanonin ke zuba wa kuɗin bincike ba yanzu.