Daga Randa Zuwa Firji: Tarihin Ruwan Sanyi a Zangon Lome

Mu 'yan Zangon Lome tarihinmu kashi biyu ne: kafin rusau da bayan rusau. Kakanninmu fatake ne masu goro da shanu, suna nan tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka mai da Lome babban birnin Togo a 1897. A 1977 aka rushe tsohon Zango da ke tsakiyar gari, aka mayar da mutane arewacin birni, wajen Togblekope. Cikin kayan da kakata ta ɗora a mota ranar tashi akwai randarta.

Randa ita ce firjin wancan zamani. Ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. A Lome iskar teku na da laima, don haka sanyin randa bai kai na Kano ko Maraɗi ba sai da hunturu. Amma tana da wata baiwa da ba mu lura da ita ba: a ƙasa take. Yaro, tsohuwa, gurgu, makaho, kowa zai ɗaga faifai ya sa moɗa, ba ya roƙon kowa.

Firji ya fara shigowa gidajen attajirai ne, wasu ma masu aiki da kananzir. Daga baya wutar madatsar Akosombo ta Gana ta iso Togo, tsofaffin kayan Turai kuma suka riƙa sauka a tashar jiragen ruwa. Sai matan Zango suka gane firji jari ne. Inna ta sayi irin dogon nan na kwance mai buɗewa ta sama, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, musamman da azumi. Da shi ta biya mana kuɗin makaranta. Ko a 1998, da ruwan Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, ba ta rabu da shi ba.

Ban taɓa ganin aibinsa ba sai da ciwon suga ya ci ƙafar Baba, ya koma kan keken guragu. Allurar insulin tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, in ta daskare ta lalace. Firjin Inna daskarwa yake yi, murfinsa da nauyi, mai zaune kuma ba ya hango cikinsa. Muka koma ajiye maganin a gidan maƙwabta. Mutumin da ya yi fatauci har Kumasi, ga shi yana jiran yaro ya dawo makaranta kafin ya yi allura.

Wata rana ya ce min, "Zamanin randa ban taɓa cewa a ba ni ruwa ba."

Da muka tashi saye, ba mu tambayi girma ko suna ba. Na auna iyakar inda hannun Baba ke kaiwa yana zaune. Muka zaɓi gajere mai ƙofar gefe, mai mariƙin da hannu ɗaya zai ja, aka juya ƙofar ta buɗe ɓangaren da keken ke samun wuri. Muka ɗora shi kan benci don kada ya sunkuya, maganin kuma a tsakiya, nesa da gidan ƙanƙara.

Randar ma ba ta yi ritaya ba. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. In an ɗauke wuta ta daɗe, nan muke fakar da maganin kafin ta dawo.

Jiya da asuba na ji ƙarar ƙofar firji. Na leƙa, sai ga Baba ya ɗauko allurarsa da kansa. Na koma na kwanta.