Tashar jirgin ƙasa ta Kano da kasuwancin Damagaram da Maraɗi

Wannan ɗan rubutu ya taso ne daga wata tambaya ta nazarin harshe. A Hausar Nijar, yawancin kalmomin boko daga Faransanci aka aro su, kamar lakkwal da mushe. Amma wurin da ake shiga mota, daga Damagaram har Tawa, tasha ake ce masa, kuma asalin kalmar shi ne station na Ingilishi. Me ya sa gare ta Faransawa ba ta kama bakin jama'a ba? A ganina amsar tana Kano, a tashar da ta yi wa kudancin Nijar hidima shekaru da dama, ko da yake tana wata ƙasa.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan layin dogo ne, shi ya tsaya a kan aikin shimfiɗa hanya daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, wajen kilomita 570. Leburori ta hannun sarakuna aka tara su, kuma ba duka ne suka je da son ransu ba. Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, shekarar da aka haɗa shi da layin Legas a Minna. An gina tashar a wajen ganuwa, gabas da birni. Kantunan kamfanoni suka jeru kusa da ita, Sabon Gari kuma ya kafu don akawuna da ma'aikatan reluwe da suka zo daga kudu.

Auduga Turawa suka yi niyyar kwasa don masaƙun Ingila. Manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, domin masaƙan Kano sun fi kamfanoni biyan auduga da daraja, gyaɗa kuwa ko ba ta sayu ba ana cin ta. Jan Hogendorn ya yi bayanin wannan dalla-dalla a littafinsa na 1978. Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita, ya kamata a tuna, alama ce ta gazawar jirgin: buhunan sun fi ƙarfin taragun da ke akwai, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, sai aka riƙa tsiba su suna jiran layi.

Hidimar tashar ba ta tsaya ga gyaɗa ba. Ana loda shanu da kiraga da fatu zuwa kudu. Ana sauke gishiri, kananzir, yadi da goro. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara kawo goro ta teku daga Ankara zuwa Legas, sannan ta jirgi zuwa Kano, abin da ya karya tsohuwar hanyar fatake ta Gwanja. Fasinja kuma aji uku ne, kuma a na ukun talaka yake.

Nan ne abin ya shafe mu. Kafin 1911 Damagaram zango ce a kan hanyar ayari daga Kano zuwa Agadas da Tarabulus. Da jirgi ya zo, kayan Turai ta Legas suka fi araha nesa ba kusa ba, ayarin hamada ya durƙushe cikin ƴan shekaru. Fatauci ya juya gabansa kudu. Raƙuman da ke ƙetare hamada suka koma dakon gyaɗa zuwa Kano da rassan layin: Ƙauran Namoda (1929), wanda ya fi kusa da Gobir, da Nguru (1930), kusa da Manga. Ɗan Matamai ko Tasawa da ya kai kaya can ya dawo da tasha da tarago da tikiti a bakinsa. Faransawa ba su da abin da za su sa a madadinsu, tunda layinsu daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, kusan kilomita 1,000 daga Maraɗi. Sai a shekarun 1950 suka tsiro da Opération Hirondelle, inda ake tallafa wa motoci su kai gyaɗar Nijar Paraku. Wannan siyasa ce, ba sauƙin hanya ba.

Daga shekarun 1970 fari da cutar gyaɗa da manyan motoci suka kwashe wa tashar kayanta, zirga-zirga ta yi ta raguwa har ta tsaya. An maido da jirgin fasinja na Legas a Disamba 2012. A wajenmu, an ƙaddamar da tashar Yamai a 2014, aka kai dogo Doso a 2016, amma bai shiga aikin kasuwanci ba. A Fabrairu 2021 Shugaba Buhari ya aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ya sake tado da tsohuwar tambayar, wato Kwatano ko Legas. Sai dai faɗin sabon dogon milimita 1,435 ne, na 1911 kuwa 1,067. Taragon da zai taso daga Maraɗi ba zai hau tsohon layin Kano ba; isarsa teku ta dogara ga haɗa sabon dogo daga Kano har Legas.