Dokta Shettles da Batun Zaɓen Jinsin Jariri

Neman ɗa namiji tsohon al'amari ne a cikin al'ummu da yawa, har da Hausawa mazauna Adjamé da Treichville a birnin Abijan. Daga masu saiwa da sassaƙe zuwa masu tallar ƙwayoyi a kasuwar Roxy ta Adjamé, ba a rasa mai cewa yana da maganin wannan buƙata. Sai dai tunanin cewa mutum zai iya zaɓen jinsin abin da zai haifa ya shiga littattafan likitoci ma, kuma wanda ya fi yin suna a kansa shi ne Dokta Landrum Shettles, likitan mata ɗan ƙasar Amurka.

An haifi Shettles a jihar Misisifi a 1909. Ya yi karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins, sannan ya daɗe yana aiki a asibitin Columbia-Presbyterian da ke Niyok. Tun 1905 Nettie Stevens ta nuna cewa kromosom ne ke tantance jinsi. A wajen ɗan Adam, ƙwan mace X kaɗai yake ɗauke da shi, ƙwayar maniyyi kuwa ko X ko Y. Idan mai Y ta haɗu da ƙwan a haifi namiji, idan mai X ce a haifi mace.

A 1960 Shettles ya ce ya hango bambancin ƙwayoyin biyu ta madubin likita. A ganinsa masu Y ƙanana ne, suna da sauri amma ba sa jimawa, masu X kuma manya ne, suna da nawa amma suna da juriya. Saboda haka mai son namiji ya sadu da iyalinsa daidai lokacin fitar ƙwai, mai son mace kuma kwana 2 ko 3 kafin nan. Ya ƙara da shawarar tsarki da ruwan bakin soda domin namiji, da ruwan khal domin mace. A 1970 shi da ɗan jarida David Rorvik suka fitar da littafin da ya baza wannan hanya a duniya.

Shekarar 1973 ta kawo ƙarshen zamansa a Columbia. Ya haɗa ƙwan wata mata, Doris Del Zio, da maniyyin mijinta a cikin kwalbar gwaji ba tare da izinin asibiti ba. Shugaban sashen, Dokta Raymond Vande Wiele, ya dakatar da gwajin, Shettles kuma ya ajiye aiki. A 1978, shekarar da aka haifi Louise Brown a Ingila ta irin wannan hanya, kotu ta ba matar diyyar dala 50,000.

Ita kuwa hanyar tasa, bincike bai gaskata ta ba. A 1977 Elizabeth Whelan ta ba da shawarar lokutan da suka saɓa wa nasa. A 1995 Allen Wilcox da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi kan mata 221, suka tarar ranar saduwa ba ta da wani tasiri a kan jinsin jariri. A Faransa kuma Joseph Stolkowski da Dokta François Papa sun bi ta fannin abinci: gishiri da fotasiyom domin namiji, madara da dangoginta domin mace. Wannan ma ba ta sami karɓuwar masana ba.

Me ya sa irin waɗannan hanyoyi ba sa mutuwa? Ana haihuwar maza kimanin 105 a kan kowace mata 100, wato kusan rabi da rabi. Duk mai ba da magani zai dace a kusan rabin lokuta. Waɗanda suka dace su ne ke yaɗa labari, sauran su yi shiru ko a ce sun kuskure ƙa'ida.

Shettles ya rasu a 2003. Abin da ya tabbata tun kafin littafinsa bai sauya ba: X ko Y daga wajen miji yake fitowa, kuma shi ma ba shi da iko a kansa. Matar da ake yi wa gori ko kishiya don ta haifi 'ya'ya mata ba ta da laifin komai, kuma tsarki da khal ko soda na iya jawo mata ciwon sanyi.