Tatsuniya a gaban kyamara: Yadda masu shirya fim ke sarrafa labaran gargajiya

A garuruwan Sabon Birni da Isa da ke gabashin jihar Sakkwato, kamar sauran ƙasar Hausa, tatsuniya aba ce ta dare. Bayan an ci tuwo ne yara kan kewaye kaka ko wata dattijuwa a tsakar gida, ta buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", su kuma su amsa.

A wannan yanki na Gobir, da kuma ƙetaren iyaka wajen Tsibiri da Maraɗi a jamhuriyar Nijar, an fi kiranta gatana. Akwai ma camfin da ke cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓata.

Tun daga shekarun 1990 kuwa, wasu daga cikin irin waɗannan labarai suka soma isa ga jama'a ta kaset ɗin bidiyo, daga baya faifan CD, sannan wayar salula.

Daga baki zuwa takarda

Kafin fim, takarda ce ta fara ɗauke tatsuniya daga tsakar gida. Tsakanin 1911 da 1913 wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya wallafa Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3. Ya fara aikin ne da rubuce-rubucen ajami da Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya tara.

A shekarun 1970 marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni, waɗanda aka daɗe ana karantawa a makarantun firamare.

Shi kuwa Alhaji Abubakar Imam, a Magana Jari Ce da ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗauko labarai daga Alfu Laila da kuma tatsuniyoyin Turai, ya sa musu rigar Hausa. Daga bisani gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da littafin wasan kwaikwayo, inda marigayi Ƙasimu Yero ya taka rawa.

Gwajin Nijar da na Kano

A Nijar aka riga Najeriya gwada wannan aiki. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa, ya shirya fim kan labarin zoben wani sarki mai suna Koda a 1962. A farkon shekarun 1970 kuma ya fitar da Toula, labarin wata budurwa da aka sadaukar ga aljanin ruwa domin a samu sauƙin fari.

A Kano, harkar finafinan bidiyo ta kankama da Turmin Danya a 1990. Zuwa ƙarshen shekarun, kamfanin Sarauniya Films ya mayar da tatsuniyar Daskin-da-Riɗi fim. Labari ne na saurayin da ba zai auri kowa ba sai wadda ta faɗi sunansa, da kuma yarinyar da ta samu sirrin saboda ta yarda ta cuɗa wa wata tsohuwa baya, bayan 'yan uwanta sun yi ƙyama sun wuce.

A 1999 kamfanin ya fitar da Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Ko da yake ba wata sananniyar tatsuniya guda aka ɗauko ba, ginshiƙin labarin na tatsuniya ne: baiwar Allah mai aikatau a gidan sarauta wadda ɗan sarki ya zaɓa. Fim ɗin na daga cikin waɗanda suka fi karɓuwa a zamaninsa, kuma waƙoƙinsa sun taimaka wajen sauya alƙiblar masana'antar.

Abin da ke karɓuwa

Tatsuniyoyin da suka fi dacewa da fim su ne waɗanda mutane ke ɗauke da nauyin labarin. Kishi tsakanin Bora da Mowa, wahalar marainiya, da sakamakon ladabi ko rashin kunya, duk abubuwa ne da mai kallo ya sani a gidansu ko a maƙwabta.

Haka kuma fada da dogarai da dawakai da alkyabba suna ba kyamara abin nunawa ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba.

Waƙa ma ta zo daidai, domin tatsuniyoyi da dama na da 'yar waƙar da ake maimaitawa, wadda yara kan amsa tare da mai ba da labari.

Inda gizo ke saƙa

To sai dai matsala kan taso idan aka zo ga abubuwan al'ajabi. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, 'yar Bora ta gamu da cinya da kare suna magana, daga ƙarshe kuma ta fasa ƙwai, dukiya da mahaya suka fito. Kaka kan faɗi wannan cikin numfashi guda, kowane yaro ya zana hotonsa a zuci. Mai shirya fim kuwa dole ya nuna cinyar, kuma idan dabarar kwamfuta ta gaza, abin da ya kamata ya ba da tsoro sai ya koma abin dariya.

Gizo da matarsa Ƙoƙi sun fi kowa wuyar sha'ani. A bakin mai tatsuniya, Gizo na noma, yana zuwa fada, yana magana da tsamin baki, ba tare da kowa ya tambaya ko mutum ne ko ƙwaro ba. Kyamara ba ta yarda da wannan ruɗani, sai an zaɓi ɗaya.

Akwai kuma batun tsawo. Tatsuniya kan ƙare cikin 'yan mintoci, fim kuwa yana buƙatar fiye da sa'a guda. Don cike giɓin, akan ƙara soyayya da rawa da waƙa irin ta finafinan Indiya, abin da ya sha janyo suka daga malaman addini da masana al'ada. Irin wannan ƙorafi na daga cikin dalilan kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar Kano a 2001.

Ba Hausawa kaɗai ba

Ko a Amurka, inda kuɗi da na'urori ba su ne matsala ba, sakamakon bai zama iri ɗaya ba. Kamfanin Disney ya sake shirya Cinderella da 'yan wasa na zahiri a 2015, ya bar labarin kusan yadda aka san shi, kuma ya samu sama da dala miliyan 500.

Amma Snow White na 2025, wanda aka sauya wa sassa da dama, aka kuma ƙirƙiri wadanninsa bakwai da kwamfuta, bai wuce kimanin dala miliyan 200 ba, abin da bai kai kuɗin shirya shi ba.

Abin da ke gaban Gobirawa

Ga mutanen Sabon Birni da Isa, batun ya shafi harshe. Galibin finafinan Hausa da karin harshen Kano ake yin su, alhali gatanar yankin da Gobiranci ake yin ta, da nata kalmomi da sunayen wurare. Da zarar fim ya shahara, sigarsa ce yara kan ɗauka a matsayin ta asali, sauran sigogin kuma su soma dusashewa.

Yankin na da nasa taskar labarai, ciki har da na Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo da na birnin Alƙalawa, wanda ya faɗi a 1808, kuma kufansa ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau.

Sai dai hare-haren 'yan bindiga sun raba dubban iyalai da ƙauyukansu, wasu sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. A watan Satumba na 2021 har an katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da waɗannan biyu. A ƙauyukan da hirar dare ta zama haɗari, tsofaffin da suka haddace gatana na rasa masu saurare, kuma abin da ba a naɗa ko aka rubuta ba yana iya tafiya tare da su.