Kogunan da Aka Haƙa da Hannu a Ingila

'Yan'uwa, mun saba da kogin da ke bin inda ya ga dama. Amma a Ingila akwai waɗansu koguna da mutane suka haƙa da hannunsu. Yau masu hutu sukan yi hayar jirgi su bi su, suna kallon gonaki da tumaki da ƙauyuka, ba su wuce mil 4 a awa guda. Ba domin shan iska aka haƙa su ba fa.

A 1761 wani basarake mai sarautar Bridgewater ya buɗe hanyar ruwa domin kai kwal daga ramukansa na Worsley zuwa Mancesta. James Brindley ya bi da aikin, mutumin da ko rubutu bai iya sosai ba. Kuɗin kwal ya faɗi da rabi. Da attajirai suka ga haka, sai kowa ya kama haƙa.

Jirgin siriri ne, faɗinsa wajen ƙafa 7, tsawonsa wajen ƙafa 70, gama sai ya shiga tsakanin ƙofofin da ake tare ruwa da su domin a hau tudu. Doki ɗaya ke jansa daga gaɓa. In an zo ramin da aka huda a ƙarƙashin dutse, inda babu hanyar doki, sai maza su kwanta su riƙa tokarin bango da ƙafa cikin duhu. Ramin Standedge kuwa ya fi mil 3.

Sa'an nan jirgin ƙasa ya zo ya karya kuɗin dako. Mai jirgi ya kasa biyan hayar gida, sai ya kwaso matarsa da 'ya'yansa zuwa ɗan ɗakin da ke bayan jirgi. Nan ake girki, nan ake kwana, nan ake haihuwa. Yara babu makaranta, gama yau suna nan gobe suna can. George Smith na Coalville, wanda shi kansa ya yi aikin tubali tun yana ƙarami, ya dami hukuma da kuka har aka yi doka a 1877, aka ƙara mata ƙarfi a 1884. Amma yin doka daban, binta daban. Da yawa sun tsufa ba su san baƙi ba.

Hanyoyin suka soma cikewa da laka. A 1939 L. T. C. Rolt da matarsa suka shiga wani tsohon jirgi mai suna Cressy, suka yi ta zaga ƙasa. Littafinsa ya fito a 1944, ya ta da hankalin mutane, har aka kafa ƙungiyar ceton hanyoyin a 1946. Dako dai bai farfaɗo ba, sanyin 1963 ya daskarar da ruwan makonni da yawa, ya kusan ƙarasa shi. Amma masu aikin sa kai suka shiga laka da shebur, suka buɗe waɗansu da aka rufe.

Yau wajen mil 2,000 suna hannun wata ƙungiya da ta karɓe su a 2012. Mai tafiya in ya duba gindin tsohuwar gada, zai ga inda igiyar doki ta ci ƙarfe.