Fasahar nano da neman rage haɗarin abubuwa masu fashewa

Masana kimiyya na sa albarushi, nakiyar fasa dutse da man roka a rukuni guda: kayan da ke sakin ƙarfi mai yawa cikin ƙiftawar ido. A Nijar da irinsu ake fasa dutse a ma'adinan uraniyom na Arlit. Babbar matsalarsu ita ce tashi ba shiri idan suka ji bugu, goga ko zafi. Duniya ta ga haka ranar 4 ga Agustan 2020, lokacin da wajen tan 2,750 na sinadarin amoniyom naitiret suka fashe a tashar jiragen ruwan Beirut, mutane fiye da 200 suka rasu.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi don rage haɗarin ita ce ƙanƙanta ƙwayoyin sinadarin har zuwa ma'aunin nano. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Manyan ƙwayoyi kan zo da tsaga da ƴan ramuka a ciki, inda zafi ke taruwa idan an buge su. Ƙanana ba su cika samun wannan aibi ba, don haka wasunsu sun fi jure bugu, kuma suna ci bai-ɗaya.

A nan iskar kabon, wato CO2, ke shigowa. Idan zafinta ya wuce digiri 31, matsinta kuma ya wuce ba 73, sai ta koma wani hali tsakanin ruwa da iska: tana narkar da abu kamar ruwa, tana ratsa shi kamar iska. Digiri 31 bai kai zafin azahar na bazara a Tarka ba. Matsin ne ke da wuya, domin ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 70. Da an saki matsin, iskar ta gudu, ta bar gari mai laushi. Ita kanta ba ta kama wuta.

Bafaranshe Cagniard de la Tour ne ya fara gano wannan hali a 1822. A yau cibiyar Fraunhofer ICT ta Jamus na cikin masu bincike a kai. Har yanzu tsadar injuna da dunƙulewar garin a ajiya na hana aikin bazuwa. Amfanin da ya fi kafuwa na farar hula ne: da CO2 ake cire kafeyin daga kofi.