Madubin da ya auna sararin Yamai

A watan Agustan 2006, masana daga Faransa sun saki manyan balan-balan daga Yamai, a ƙarƙashin shirin AMMA na binciken daminar Afirka ta Yamma. Wasu daga cikinsu na ɗauke da na'urar micro-SDLA, mai auna tururin ruwa da hasken leza, can sama da inda hadari ke tsayawa. A ganina tarihin wannan na'ura ya cancanci shiga azuzuwanmu.

Idan hasken leza ya ratsa iska, tururin ruwan da ke cikinta yakan shanye wani ɓangare na hasken, da haka ake gane yawansa. To, a can sama tururin bai taka kara ya karya ba, sai hasken ya yi doguwar tafiya kafin a ga raguwarsa. Balan-balan kuwa ba ta iya ɗaukar dogon bututu. Sai aka sa madubai masu lanƙwasa suna fuskantar juna, hasken yana kai da komo tsakaninsu har ya cika mita 28.

Dabarar ta girmi leza. John White ya wallafa ta a 1942 da madubai uku, ita kuwa leza sai 1960 aka ƙera ta. A 1965 Donald Herriott da Harry Schulte na Bell Labs a Amurka suka bayyana tsarin madubai biyu, ɗaya da ɗan rami inda haske ke shiga ya fita. Irinsa ne ke cikin motar Curiosity da ta sauka duniyar Mars a 2012.

Aikin madubi ba baƙo ba ne a Nijar. Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci hukumar ONERSOL daga 1969, ya yi bincike kan madubai masu tara hasken rana wuri guda.

Abin da ke damuna, yaranmu suna haddace dokar haske a littafi, suna ɗaukar ta kayan Turawa. Malamai da iyaye, ku samo madubai biyu da ƙaramar tocilan leza, ku kiyaye idon yara, ku bar su su ƙirga sau nawa hasken ya dawo kafin ya kuɓuce. Wanda ya tambayi yadda za a tsare shi, ku ba shi labarin madubi mai lanƙwasa.